Tambayoyinku: Yaushe mutum zai ce ya isa, ya ajiye aiki?

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon yawancinsu a kan ritaya ne: mai tsoron kuɗi ba za su kai shi ba, da mai tsoron jikinsa ba zai kai shi ba. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 44. Ina aikin ofis daga safe zuwa yamma, da na tashi kuma in wuce wani aikin har ƙarfe goma na dare, har da ranakun hutu. Ina ajiye abin da ya samu, amma ban san nawa ne zai ishe ni ba, shi ya sa na kasa sassautawa. Nawa mutum zai tara kafin ya ce ya isa? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rashin sanin adadin nan shi ne yake hana ka barci, don haka da shi za mu fara. Ana iya lissafa shi, kuma lissafin bai fi ƙarfin kowa ba.

Nemi littafi ka rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, komai ƙanƙantarsa, har tsawon wata uku. Wata ɗaya yana yaudara, domin akwai watan da babu gyaran mota, babu asibiti, babu kuɗin makaranta. Daga nan ka fitar da abin da kake kashewa a shekara. Cire abubuwan da za su faɗi bayan ka bar aiki, kamar kuɗin zuwa ofis da na makarantar yaran da za su gama. Ƙara abin da zai hau, wato magani da ganin likita. Mutane da yawa suna tuna na farkon su manta na biyun.

Abin da ya rage, cire masa fanshon da kake sa ran samu a shekara, in akwai. Giɓin da ya saura shi ne wanda ajiyarka za ta cike. Ninka shi sau 25. A ce kana buƙatar 100 a shekara, ko wane irin kuɗi ne, fansho zai ba ka 40, giɓi 60 ke nan. Sau 25 ya zama 1,500.

Wannan 25 ɗin ya fito ne daga binciken da wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi a Amurka, William Bengen, ya wallafa a 1994. Ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamunin gwamnatin ƙasar tun daga 1926, ya ga cewa wanda ya ciri kashi 4 cikin ɗari na dukiyarsa a shekarar farko, sannan ya riƙa daidaita abin da yake cira da tashin farashi, kuɗinsa sun kai shi aƙalla shekara 30. Sai dai ka lura, alƙaluman Amurka ne, kuma dukiyar da ya yi magana a kai tana cikin jari tana aiki, ba a kwance take ba. Inda farashi ke tashi da sauri, ko in mutum zai bar aiki da wuri, mun fi natsuwa da kashi 3 cikin ɗari, wato a ninka sau 33. A misalinmu, kusan 2,000.

Saurin kaiwa ga wannan adadi ya fi dogara da kason da kake ajiyewa daga abin da kake samu. In muka ɗauka jari yana kawo ribar kashi 5 cikin ɗari a shekara bayan an cire tashin farashi, wanda ya fara daga babu kuma yake ajiye kashi 10 na samunsa zai yi kusan shekara 51 kafin ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa. Mai ajiye kashi 20 zai yi 37, mai kashi 30 zai yi 28. Dalili kuwa shi ne rage kashewa yana aiki ta fuska biyu: yana ƙara abin da kake tarawa, yana kuma rage adadin da kake nema. Ƙarin samu da ya tafi a ƙarin kashewa ba ya matso da ranar ritaya ko da kwana ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu a wasiƙarka. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoton da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka kwatanta shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne suka rasu ta wannan dalilin a 2016 kaɗai. Ƙirga awoyinka na makon jiya. Bisa yadda ka bayyana, ka haura saba'in.

Ba mu ce ka watsar da aikin na biyu gobe ba. Auna shi tukuna: daga abin da yake kawowa cire kuɗin mota, haraji da duk abin da kake kashewa saboda shi, ka raba sauran da awoyin da yake ci. Sau da yawa abin da ya rage bai kai yadda mutum ke zato ba. In har ya cancanta, sa masa manufa da ranar ƙarewa, misali biyan wani bashi cikin wata goma sha takwas, kuma duk kuɗinsa su tafi can. Kafin nan, dawo da awoyinka ƙasa da 55, ware yini guda a mako da ba ka aiki, kuma kada barcinka ya gaza awa bakwai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna matsakaicin tsawon rai a duniya ya kai kimanin shekara 73, amma shekarun da ake yi cikin ƙoshin lafiya ba su cika 64 ba. Shekarun ritayar da za ka mora suna cikin lissafi na biyun.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, shekarata 52. Ɗawainiyar yara da ta 'yan'uwa ta hana ni ajiye komai sai ɗan abin da ake cire mini na fansho. Wata ƙawata ta nuna mini wani kamfani da ke ba da ribar kashi 20 cikin ɗari duk wata, ta ce da shi zan cike gurbin shekarun da na rasa. Na makara ne? In shiga?

Amsa: Malama, kada ki shiga. Ribar kashi 20 duk wata tana nufin kuɗi su ninka kusan sau tara a shekara guda, kuma babu halattacciyar sana'ar da ke yin haka a kai a kai. Irin wannan tsari da kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi, ranar da sababbi suka ragu kuma sai a nemi masu kamfanin a rasa. Charles Ponzi ya yi shi a birnin Boston a 1920 da alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, kuma har yau salon bai sauya ba: riba tsayayya wadda ba ta taɓa sauka, matsin lamba a kawo wasu, sai jan ƙafa in mutum ya nemi uwar kuɗinsa. Mai yiwuwa ƙawarki da zuciya ɗaya take faɗa miki, domin an biya ta sau biyu ko uku. Da gangan ake biyan na farko don su jawo na baya. Masu shekarunki su aka fi farauta, saboda an san suna jin lokaci ya ƙure musu.

Kin makara, ba za mu ɓoye miki ba, amma akwai sauran abin yi, kuma jerin yadda za a yi shi yana da muhimmanci. Fara da asusun ko-ta-kwana, kuɗin da za su riƙe gidanki wata uku zuwa shida, a wurin da za ki iya cira cikin kwana ɗaya. In babu shi, rashin lafiya ɗaya zai sa ki sayar da jarinki a lokacin da ba shi da daraja. Daga nan sai bashi, musamman mai kuɗin ruwa: biyan bashin da ke cin kashi 25 a shekara daidai yake da samun ribar kashi 25 wadda babu kasada a cikinta.

Bayan haka ki umarci bankinki ya riƙa cire kason ajiya ranar da albashi ya shiga, kafin ki taɓa shi. Ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata ba ya aiki, domin ba ya ragewa. Duk ƙarin albashin da aka yi, rabinsa ya tafi ajiya tun daga watan farko. Damarki mafi girma kuwa ita ce ranar da yaro ya gama makaranta: kuɗin da kike biya masa, karkatar da su gaba ɗaya zuwa ajiya a wannan zangon, tun kafin gida ya saba da su.

Game da 'yan'uwa, taimako abu ne mai kyau, kuma ba mu ce ki rufe hannu ba. Ware masa kaso sananne duk wata. In ya ƙare, sai wata mai zuwa, illa larurar da ta shafi rai. Wanda ya rabar da tanadin tsufansa duka, nauyinsa kan waɗannan 'yan'uwan zai koma.

Ga lissafin da zai taimake ki yanke shawarar ranar barin aiki. A kan ribar kashi 5, mai ajiye adadi ɗaya duk shekara na tsawon shekara 10 zai tara ninki 12 da rabi na abin da yake ajiyewa a shekara. In ya ƙara shekara uku, zai kusa ninki 18. Ƙarin kashi 40 cikin ɗari ke nan, ga kuma shekara uku da bai ci daga ajiyar ba. In doka ko lafiya ba ta ba ki damar ci gaba a inda kike ba, koyarwa ta 'yan awoyi a mako bayan ritaya za ta yi kusan wannan aikin. Ki kuma faɗa wa 'ya'yanki da suka fara aiki cewa mai ajiyar shekara 30 yana tara ninki uku na mai shekara 15, alhali ninki biyu kawai ya zuba.

Tambaya: Ni ba na son kasada. Ina tara kuɗina a asusun ajiya na banki, ba na taɓawa. Akwai laifi?

Amsa: Akwai kasada a nan ma, ɗan'uwa, sai dai ba a ganinta a takardar banki. Raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, za ka sami shekarun da kuɗinka za su yi su rasa rabin ƙarfinsu. In farashi na tashi da kashi 6, shekara 12 ne. In kashi 18 ne, shekara huɗu. Asusun ajiya wurin kuɗin ko-ta-kwana ne da na buƙatar shekara ɗaya ko biyu. Na shekara goma zuwa sama a rarraba su: hannun jarin kamfanoni da yawa ta hanyar asusun haɗaka mai rajista da hukumar da ke sa ido a ƙasarka, takardun lamunin gwamnati, ko sukuk ga wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, da kadara in hali ya yi. Tambayi nawa suke cira na kula da kuɗin duk shekara. Bambancin kashi 1 kacal yana cinye kusan rubu'in abin da kuɗin da ka zuba yau za su zama a shekara 30.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Shekarata 58, saura shekara biyu in yi ritaya. An yi mini tayin kwantiragin shekara biyar bayan nan, da albashi mai tsoka, amma aikin akwai yawan tafiye-tafiye. Ina da hawan jini, ina shan magani in na ji kaina na ciwo. Iyalina sun ce in huta, ni kuma ina ganin kuɗin. Me kuka gani?

Amsa: Ranka ya daɗe, kafin maganar kwantiragi, akwai kuskure a yadda kake shan maganin nan, kuma gyara shi ya fi gaggawa. Hawan jini yawanci ba ya ba da alama. Mutum na iya yawo da shi shekaru yana jin garau, yana lalata masa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ƙoda da ido. Maganin kullum ake sha, a lokaci ɗaya, ko da ciwon kai ko babu. In awo ya sauka, maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka daina kuma zai koma. Koma wurin likitanka ka faɗa masa gaskiyar yadda kake sha.

Sayi na'urar awo ta dantse, wadda maɗaurinta ya yi daidai da kaurin hannunka, domin ƙaramin maɗauri yana nuna awo sama da gaskiya. Zauna minti biyar ka jingina bayanka, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Auna sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, kwana bakwai a jere, kana rubutawa. A asibiti 140/90 ne iyaka, a gida kuwa matsakaicin da ya kai 135/85 ya isa a sake duba maganin. Ka nemi a yi maka gwajin suga kafin karin safe, wanda in ya kai 126 mg/dL sau biyu ciwon suga ne, da gwajin ƙoda na jini da fitsari, da na kitsen jini, da awon matsin ido. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin kayan gwangwani da na fakiti.

Sai kwantiragin. Yi lissafin da muka nuna wa mai tambaya ta farko. In fanshonka da ajiyarka sun riga sun cike giɓin, to shekara biyar za ka sayar don kuɗin da ba ka buƙata, kuma shekarun da ke tsakanin 60 da 65 na cikin mafi ƙarfin da suka rage maka. A ra'ayinmu iyalinka suna da gaskiya a wannan halin. In kuwa akwai giɓi na gaske, auna shekara nawa za su cike shi. Sau da yawa biyu sun isa. Nemi kwantiragin shekara ɗaya da ake sabuntawa, ko na kwana uku a mako, ko na ba da shawara ba tare da yawan tafiya ba. Wanda aka nema da tayi yana da bakin yin ciniki.

A shekara biyun da suka rage akwai ayyuka uku da ba sa jira. Duba takardunka na fansho yanzu: suna, ranar haihuwa, ranar fara aiki, sunan magada, da ko duk watannin da aka cire maka sun shiga asusun. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takardu biyu na iya riƙe kuɗin mutum watanni, kuma gyaran ya fi sauƙi kana cikin ofis. Bincika ko inshorar lafiyarka za ta tsaya ranar da ka bar aiki, da abin da zai maye gurbinta. Sannan gwada rayuwa da kuɗin ritayar na wata shida tun kana karɓar albashi, ka ajiye bambancin. Nan za ka ga inda lissafin takarda ya saɓa da na gida.

In an ba ka garatuti a dunƙule, bar shi wata shida ba ka yanke masa hukunci ba. A watannin nan ne masu shawarar kasuwanci ke yin sallama. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke cinye kuɗin 'yan ritaya shi ne sana'ar da ba su taɓa yi ba, wadda wani ke gudanar musu. In kana son kasuwanci, fara shi ƙarami tun yanzu, da abin da in ya salwanta ba zai taɓa cefanen gida ba. Ka kuma ware kuɗin kashewar shekara biyu zuwa uku a wuri marar hawa da sauka. Faɗuwar kasuwa a shekarun farko na ritaya ta fi ta baya illa, domin mai sayar da jari a lokacin da ya faɗi don ya ci abinci yana rage abin da zai farfaɗo in kasuwa ta dawo.

Tambaya: Mahaifinmu ya yi ritaya bara yana da shekara 67. Kuɗi ba matsala ba ne, amma ya koma zaman gida, ba ya fita, ya rame, ga saurin fushi. Yaya za mu yi? Daga wata 'yarsa.

Amsa: Allah ya saka miki da alheri da kika lura, 'yar'uwa. Aiki yana ba mutum dalilin tashi da safe, abokan hira da jin cewa ana buƙatarsa, kuma duk ukun sun tafi wa Baba rana ɗaya. Amma ramar ba abin da za a ɗora wa kewa ba ce kai tsaye. Ku kai shi likita a duba suga da sauran abin da ke sa rama, a kuma gwada jinsa, domin dattijon da kunnensa ya fara nauyi yakan janye daga mutane ba tare da ya faɗi dalili ba. In rashin walwala, rashin barci da ƙin abinci sun wuce mako biyu, ku gaya wa likitan a fili. Ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma ana maganinsa.

Ga gwajin da za ku yi a gida. Ku jingina kujera marar hannu da bango, Baba ya zauna ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya riƙa miƙewa tsaye sosai yana komawa, na daƙiƙa 30, wani na tsaye kusa da shi. Namiji mai shekara 65 zuwa 69 da ya gaza sau 12, ƙarfin ƙafarsa ya yi ƙasa, kuma haɗarin faɗuwa ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, ga masu shekara 65 zuwa sama kuma a haɗa da na daidaita tsayuwa kwana uku. Ya fara da tafiyar minti goma, ana ƙara biyar duk mako har ta kai talatin, da saurin da zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga.

Kada ku ce masa ya fita don lafiyarsa, da wuya ya karɓa daga bakin 'ya'yansa. Ku roƙe shi abin da ya iya: ya duba wa jika lissafi ranar Litinin da Laraba, ya koya wa wani matashi aikin da ya yi shekaru yana yi, ya raka ɗayanku wani wuri da ƙafa. A sa rana da lokaci, kuma a sami wanda zai zo ya ɗauke shi a makonnin farko.